Wai masu keke ne kaɗai suka waye?

Mai Feda: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake wallahi, sai na amayar zan ji daɗi. Wata takwas ke nan ina zuwa aiki a keke, kilomita 7 ne daga gidana zuwa ofis, minti 25 nake yi, da can kuwa da nake shiga mota in gosulo ya riƙe ni sai in kwashe awa guda ina kallon bayan motar wani. To yau sabon maigadi ya tare ni a bakin get wai masu kawo saƙo ta baya suke bi, na miƙa masa katin aiki ya kalli katin ya kalli keken ya sake kallon katin, wani abokin aikina kuma yana cikin mota har da sauke gilashi yana dariya wai in rance nake so in faɗa masa. Ni maganata ɗaya ce, a cikin birni da safe duk tafiyar da ba ta wuce kilomita 7 ko 8 ba keke ya fi mota sauri, mai musu ya fito a gwada. Bara aiki ya kai ni Holan na gani da idona, masu kwat da nektaye, tsofaffi, uwa da yara biyu a akwatin gaban keke, kowa feda yake. Ƙasashen da suka waye ba sa raina mai keke.

Sarkin Sitiyari: Wa'alaikumussalam. Tsaya yallaɓai, "suka waye"? Wato mu masu mota ƙauyawa ne ke nan ko? Maigadi ya ɓata maka rai sai ka zo ka huce a kanmu

Mai Feda: Ban kira sunan kowa ba, wanda ya tsargu dai shi ya sani.

Hajiya Ba Ruwana: A'a ƙanena ka faɗa ɗin, mun karanta. Da cewa ka yi ƙasashen da suka gina hanyar keke da babu mai tanka maka, amma wayewa babbar kalma ce.

Malamin Tarihi: Ku bari in sa baki. Ai su mutanen Holan ɗin ba da keke aka haife su ba, bayan yaƙin duniya na biyu su ma haukan mota suka yi, suna rushe gidaje suna faɗaɗa titi. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, fiye da 400 yara ne, iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga rikicin man fetur na 1973, har gwamnati ta hana fitowa da mota ranar Lahadi na wani lokaci. Daga nan aka dage da ware wa keke hanyarsa daban. Wuya ce ta koya musu hankali, kar ku ce wayewa.

Sarkin Sitiyari: Yauwa malam Allah ya biya. Ka ji ko, wuya ce. Ni ban sha wuyar ba shi ya sa nake cikin esi

Malamin Tarihi: Ba abin da nake nufi ke nan ba fa

Sarkin Sitiyari: Mun dai gane. Kuma ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, tudun da ya fi kowanne tsawo a ɓangarenta na Turai mita 322 ne kacal, ko jariri ka ɗora a sirdi zai tuƙa. Su zo garin da ke da hawa da gangara da rana mai soya ƙwaƙwalwa mu ga wayewar.

Mai Feda: Babu tudu amma akwai iska, in ta taho maka ta gaba sai ka rantse wani ne ya riƙe maka kariya ta baya, ga ruwan sama kusan kullum, kuma ba ya hana su. Firaministansu Mark Rutte shekara kusan 14 yana mulki ana ganinsa yana zuwa ofis a keke, ranar da ya miƙa mulki a 2024 ma a keke ya bar wurin.

Sarkin Sitiyari: Na ɗaukar hoto ne wannan. Ɗan siyasa in ya ga kyamara ko jaki ka ba shi zai hau

Ɗan Kallo: Ni tambaya gare ni, kwana nawa ka yi a Holan ɗin?

Mai Feda: Me ya kawo wannan?

Ɗan Kallo: Amsa kawai ɗan'uwa

Mai Feda: Biyar.

Ɗan Kallo: Hhhhh kwana biyar! Biyu ma a jirgi suka ƙare. Tun da ka dawo ba mu huta ba, ko maganar ruwan famfo ake sai ka ce ai a Holan

Mai Feda: Kwana biyar ɗin na hau keke a uku. Haya na ɗauka a Amstadam, kuma tunda kuna son dariya bari in ba ku, keken da aka ba ni ba shi da birkin hannu, feda ake mayarwa baya ya tsaya, ni kuma ban sani ba ina ta laluben hannu, danja ta tsayar na wuce mutane suna ta kaɗa min ƙararrawa. Kashegari tayar gaba ta faɗa cikin layin dogon jirgin nan na cikin gari, sai ga ni a ƙasa. Ashe layin gicciye shi ake yi, ba a bin tsawonsa. Duk mai niyyar zuwa ya riƙe wannan.

Ɗan Kallo: Ashe wayewar ce ta maka ka da ƙasa

Hajiya Ba Ruwana: Allah sarki, ni a Landan na gwada na hayar nan da ake cirewa a tasha, na manta su ta hagu suke tuƙi, ina shiga shataletale na ga motoci na fuskanto ni, sauka na yi na tura shi da ƙafa har inda ake ajiyewa ban sake ba. Amma ƙanena gumin fa? Ka iso ofis sharkaf ka zauna kusa da mutane?

Mai Feda: Riga ta biyu tana cikin jaka Hajiya, kuma ba tsere nake ba, a hankali nake takawa.

Sarkin Sitiyari: To tunda wayewa ake magana, wayayyun naka ba sa sa hular kwano, je ka duba hotunansu. A Ostireliya kuwa doka ce tun farkon shekarun 1990, in ba ka sa ba tara. Wanne ne wayayyen a ciki? Kuma duk shekara keke sama da 10,000 ake tsamowa daga magudanan ruwan Amstadam, wa yake jefa su, aljanu?

Malamin Tarihi: Wannan na tsamo keke gaskiya ne. Amma ƙasar ce ke da keke kusan miliyan 23 alhali mutanenta wajen miliyan 18 ne, a tashar jirgin ƙasan garin Utrecht ma akwai wurin fakin na keke 12,500. Kuma sunan ƙasar Netherlands, Holan yanki ne a cikinta.

Ɗan Kallo: Malam don Allah kar ka buɗe wani sabon faifan

Ɗan Batir: Duk ku huta, keke mai batir shi ne maganin gumi da tudu gaba ɗaya. Caji ɗaya ina kwana uku ina zuwa aiki.

Baba Mai Faci: Yaro wannan ba keke ba ne, babur ne da ya ji kunya.

Ɗan Batir: Haba Baba, a dokar Turai in ƙarfin injin bai wuce wat 250 ba kuma yana daina taimaka maka a gudun kilomita 25 a awa to keke ne, sai ka taka feda ma yake ja

Baba Mai Faci: Turai su ce abin da suka ga dama. Ni na san Raleigh na Ingila, ƙarfe ne na gaske, in ka shafa wa sarƙa mai ka gyara sifok jikanka ma zai hau. Naka in batir ya mutu sai ka tura kaya kamar mai amalanke.

Ɗan Kallo: Phoenix na China ya fi Raleigh ɗaukar kaya Baba, a faɗi gaskiya

Baba Mai Faci: Kai rufe min baki, an haife ka lokacin?

Mai Feda: Jama'a maganar minti 25 da awa guda fa? Har yanzu ba wanda ya ce min ƙarya nake

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, an yi ittifaƙi cewa Mai Feda ya yi kuskuren kalma kuma ya kamata ya ba masu mota haƙuri. Malam ya tabbatar mana da hujjar tarihi cewa wahala ce ke sa mutum hawa keke. Shi kansa mai ƙorafin ya amsa da bakinsa keke ya kayar da shi a ƙasar waje, Hajiya ma da ƙyar ta sha. Batun sauri kuma ba a kawo shaida ba. Maigadi aikinsa ya yi. An rufe.

Malamin Tarihi: Ni ban ce haka ba wallahi

Hajiya Ba Ruwana: Admin wa yake rage maka hanya kullum da yamma in an tashi?

Sarkin Sitiyari: Hajiya an ce an rufe

Mai Feda: Litinin ƙarfe 7:30 Sarki, kai a motarka ni a kekena, daga mahaɗar nan zuwa get. Admin ya zauna a gidan gaba ya riƙe agogo tunda dama nan ne wurinsa.