Fafaroma uku lokaci guda, daga ina zan kama?

Rahila: Salam 'yan zaure, an ba mu aiki kan rawar da malaman addini suka taka a rigingimun cocin Turai na da can, wlh kaina ya kulle, me zan fara dubawa don Allah?

Malam Yakubu: Ki kama rabuwar 1378, nan abin ya fi fitowa fili. Manyan limamai suka zaɓi Urban na 6 ya zama fafaroma a Rum, 'yan watanni kaɗan suka ce ai tsoron mutanen gari ne ya sa su, suka sake zaɓen Clement na 7 ya je ya tare a Abinyon, wani birni a kudancin Faransa ta yau, Faransa na bayansa Ingila kuma na bayan Urban, kin ga tun nan siyasa ta shigo.

Bala: Malam ai malamai ta tambaya ba sarakuna ba

Malam Yakubu: Haƙuri Bala, ina zuwa. Jami'ar Faris za ki bi. A 1394 malamanta suka kawo mafita uku: duka biyun su sauka, ko a yi sulhu, ko a kira babban taron coci. Ki nemi Jean Gerson da malaminsa Pierre d'Ailly, manyan malaman jami'ar ne.

Anti Saratu: Ni dai ƙanwata kar ki tsallake taron Pisa na 1409, an je rage fafaroma biyu aka dawo da uku, dan kuwa na da ɗin sun ƙi sauka 😂 Sai a taron Konstans aka kashe wutar, aka zaɓi Martin na 5 a 1417.

Bala: Amma fa kar ki wanke Gerson tas. Shi ya dage cewa babban taron coci ya fi fafaroma iko, kuma yana cikin waɗanda suka matsa wa Jan Hus, wani limami mai sukar shugabannin coci, har aka ƙone shi a taron nan na Konstans a 1415.

Sani: Ya tuna min fitinar halittar Alƙur'ani zamanin Ma'amun, mai mulki da malamansa, Imam Ahmad a kurkuku.

Rahila: Yaya Sani wannan sai wani aikin, shafi biyar kawai aka ce. To Malam Gerson ɗin zan riƙe kenan?

Malam Yakubu: Shi, ki haɗa da Hus. Ki turo in duba kafin Alhamis.