Masu yin keto a Legas: kitse ne ke tafiya, ko ruwa da tsoka?

Uwar 'yan biyu, Agege: Salamu alaikum. Wata uku ke nan ina yin keto, wato tsarin rage cin abinci mai sitaci sosai: na bar tuwo, shinkafa da biredin Agege, wanda shi ya fi yi mini wuyar bari tunda gidan gashinsa na bayan gidanmu. Sati biyun farko kilo 4 suka zube, har na fara yi wa ƙawayena alfahari. Daga nan sikeli ya tsaya cak, sati biyar ba motsi. Abin mamaki, da na kai ɗinkin Sallah sai telata ta ce ƙuguna ya ragu da inci 2. To me ke raguwa a jikin nan?

Nas, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Mafi yawan kilo 4 ɗin farko ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Idan kika rage sitaci zuwa ƙasa da giram 50 a rana, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Sai bayan nan hanta ta fara narka kitse ta mayar da shi wani sinadari da ake kira kiton, jiki ya riƙa samun kuzari daga gare shi maimakon sukari. Ni ma da na yi, tef ɗin tela ya fi sikeli gaya mini gaskiya. Ki riƙa auna ƙugu duk sati, da safe kafin ki karya.

Direban tirela, Apapa: Ni dai na ci wuya. Sau ɗaya nake cin abinci a rana, tsire ko kifi titus, sauran yinin ina zaune a layin shiga tashar jirgin ruwa. Tumbi ya sauka kam, amma damatsana suka tsuke, taya ɗaya sai da yarona ya kama mini. Ashe tsoka nake ƙonawa tare da kitsen. Da na ƙara ƙwai da wake kaɗan, na fara ɗaga jarkar ruwa safe da yamma, ƙarfi ya fara dawowa, sikeli ma ya ɗan hau, ban damu ba.

'Yar kasuwa, Mile 12: Malam direba, kai ka samu sauƙi. Ni satin farko ciwon kai da kasala, ga warin baki har maigida ya yi magana, bayan gida kuma ya yi tauri sai da na koma alayyafo da kuɓewa. Tuwon kabeji da miyar agushi nake ci, kabejin ma a gabana ake sauke shi daga Jos. Kuskurena, na ɗauka an halatta mini kitsen rago da man shanu yadda na ga dama. Da aka yi mini gwajin jini, kolestarol, wato wani nau'in kitsen cikin jini, ya hau.

Baba, Obalende: 'Ya'yana, mai ciwon suga kada ya fara wannan shi kaɗai. Ina allurar insulin, na yanke tuwo ban faɗa wa likita ba, sai jiri ya kwashe ni a masallaci bayan la'asar.

Nas: Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Dole likita ya rage allurar tun farko.

Uwar 'yan biyu: Na gode kwarai. Amma ranar Sallah fa, in na ci masa biyu, ruwan nan duk zai dawo ne?