Tambaya kan dokar wasan kartar Agram

Manomi daga wajen Maigatari:
Assalamu alaikum. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan kasuwar Maigatari ta watse, wani baƙo mai fataucin shanu daga Nijar ya koya mini wasan kartar da suke kira Agram. Mu biyu muka zauna a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ba da kuɗi ba, muna jiran motar garinmu ta cika. An raba mana karta shida-shida, na cinye zagaye biyar a jere, a na shida na jefa 3 ɗin da ta rage mini, ya ɗora 4 mai irin alamarta, ya ce wasa nasa ne. Ban yi masa gardama ba saboda baƙo ne, amma abin ya tsaya mini a rai. Shin haka dokar take?

Dattijo daga Gumel:
Wa alaikumus salam. Ɗana, baƙonka bai cuce ka ba, domin a Agram ba a ƙirga yawan zagayen da mutum ya ci. Wanda ya ci na ƙarshe shi ne ya ci wasa. Daga karta 52 ake cire masu hoto guda 12, da masu lamba 2 guda huɗu, da baƙar A mai alamar kan mashi, sai 35 su rage. Kartar A ce babba, sai 10, haka ake sauka har zuwa 3. Ana rabawa uku-uku sau biyu. Duk alamar da mai farawa ya jefa, wajibi ne abokin wasa ya bi da irinta idan yana da ita, idan kuma ba shi da ita sai ya yar da wadda ya ga dama, amma ba za ta ci ba komai girmanta, tunda babu alamar da ke hawa kan sauran. Wanda ya ci zagaye shi ke fara na gaba.

Malamin firamare daga Sule Tankarkar:
Baba ya gama bayani, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya, domin nan ne daɗin wasan yake. Malam, kuskurenka shi ne ka zubar da manyan kartarka tun da wuri, ka bar mafi ƙanƙanta a ƙarshe alhali abokinka yana riƙe da irinta. Da a ce ba shi da wannan alamar, 3 ɗin nan taka za ta ci ko da A ce a hannunsa. Saboda haka zagaye huɗun farko na leƙen asiri ne: ka lura da alamar da ya kasa bi, ka ɓoye karta ɗaya daga cikinta, sannan ka yi ƙoƙarin cin zagaye na biyar domin kai za ka fara na shida. Idan mutum biyu ke wasa, karta 12 kaɗai ake rabawa, 23 suna kife, shi ya sa ba a dogara da ƙirgen abin da ya fita, sai dai da abin da abokin wasa ya nuna ba shi da shi.

Manomi daga wajen Maigatari:
Na gode, Baba, na gode, Malam. Yanzu na tuna cewa tun zagaye na biyu ya kasa bin jar alama mai kamar zuciya, ni kuwa ina da 7 ɗinta, na jefar da ita a na huɗu.