Hannun taga mai gilashi biyu ya karye, wa ya taɓa canzawa?

Baban Hafsa, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shekara 4 ke nan da na sa tagogin PVC, wato na roba mai tauri, masu gilashi biyu a falo da ɗakuna biyu, don kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya riƙa riƙe sanyi, ƙurar hunturu kuma ta rage shigo mana. Ranar Talata da la'asar na zo rufe ta falo, hannun ya ƙi sauka, na danna da ƙarfi, sai ji na yi ƙas, ya taho a hannuna. Washegari na shiga kasuwa, na nuna wa yaron wani kankayeri, wato shagon kayan ƙarfe da na gini, hoto a waya, ya ce ai duk ɗaya ne, ya miƙo mini wani fari mai kyau a sefa 4,000. Da na zo gida, ƙarfen bayansa ko bakin ramin ya ƙi shiga. Na koma, aka ce tunda na yage leda ba a karɓa. Wanda ya sa mini tagogin ya koma Duwala, lambarsa ba ta shiga. Yanzu da kujera na tokare tagar. Wanda ya taɓa canza irin wannan hannu ya taimaka ya faɗa mana yadda ya yi.

Ɗan Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam Alhaji. Ko ban gani ba, hannun ƙofa aka sayar maka. Wannan ƙarfe mai kusurwa huɗu da ke fitowa ta bayan hannun, masu aikin na ce masa kare. Na tagogin PVC kaurinsa milimita 7 ne, na ƙofofi da yawa kuwa 8, kuma milimita ɗayan nan ta isa ta hana shi shiga. Sai ramukan bis biyu, wato sukuru, daga tsakiyar na sama zuwa tsakiyar na ƙasa milimita 43 ne.

Ni inda na faɗi daban ne. Kauri na dace, ramuka na dace, amma ban san tsawon karen ma yana da magana ba. Na sayi gajere, na ɗaura, hannu na juyawa lafiya lau kamar fanka, taga kuwa ko motsi. Bakinsa kawai yake taɓa ramin. Na sake komawa na sayi mai tsawo, shi kuma ya tokare, gindin hannun ya ƙi kwanciya a jikin taga. Nan wani mai walda a layinmu ya ce in kawo, ya jera shi da tsohon, ya yanke abin da ya ƙaru da zarton ƙarfe, ya goge bakin da magagari. Minti biyar. Tun daga ranar na gane gara ya yi tsawo da ya yi gajarta. Ana aunawa daga gindin hannun zuwa ƙarshen karen, ba karen gaba ɗaya ba. Nawa milimita 35 ne. Kada ka ƙara zuwa da hoto, ka kwance ragowar tsohon ka sa a aljihu, har da bis ɗinsa.

Sarkin Zolaya

Ni dai tun da nake ban taɓa jin an auna kare da milimita ba sai yau. Allah ya ba da lafiya ga taga, Alhaji.

Mai Alminiyam, Kuseri

Alhaji, kafin ka sake kashe ko dala, tambaya ɗaya. Hannun nan lafiyarsa ƙalau sai rana ɗaya ya karye, ko kuwa ya daɗe yana tauri?

Baban Hafsa, Garwa

Gaskiya, Malam, tun bazarar bara yake tauri. Da asuba da sauƙi, amma in rana ta take sai na sa kafaɗa na tura tagar kafin ya sauka. Uwargida ma ta daina taɓa ta.

Mai Alminiyam, Kuseri

To ka gani. Aikina ke nan, nan Kuseri da ƙetaren gadar Ngeli, kuma yawancin hannuwan da ake kawo mini a karye ba su ne masu laifi ba. Hannu ɗan aike ne. Shi dai yana juya karen, karen ya juya wani ɗan akwatin haƙora da ke cikin jikin ƙyauren, akwatin ya tura doguwar sandar ƙarfe ta gefe, ƙananan kawunan da ke jikin sandar su shige makamansu a jikin kadar, wato firam ɗin da ke kafe a bango. In kawunan nan ba su yi daidai da makamansu ba, duk ƙarfin da ka sa a wuyan hannun yake taruwa.

Abu biyu ke kawo haka a ƙasarmu. Na farko nauyi. Gilashi mai kaurin milimita ɗaya, murabba'in mita ɗaya, kilo biyu da rabi ne. Gilashi biyu na milimita 4 kowanne, kilo 20 ke nan a murabba'in mita, ban da firam. In wanda ya haɗa tagar bai sa 'yan tallafin roba a kusurwoyin gilashin yadda ya kamata ba, a hankali ƙyauren zai sunkuya ta ɓangaren hannu. Duba ƙasan kadar, in ka ga wurin da ya goge, shi ne. Na biyu zafi. PVC yana kumbura da zafi fiye da alminiyam, kuma kai da ke Garwa ba sai na gaya maka watan Afrilu ba, sama da digiri 40 a inuwa. Shi ya sa da asuba take maka biyayya, da azahar ta yi gardama.

Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe tagar, sa karen tsohon hannun a ramin, kama da filaya ka juya zuwa ƙasa a hankali. In tagar mai buɗewa iri biyu ce, ta gefe da ta kai, akwai wani ɗan harshen ƙarfe a gefen ƙyauren, sai ka danne shi da yatsa kafin ya yarda ya juya. In ya juya sumul a buɗe amma a rufe ya cije, saiti ne ya gudu, da makullin alan mai lamba 4, wannan ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai kusurwa shida, ake ɗaga ƙyauren ta wurin hinjin ƙasa. In a buɗen ma yana cijewa, ƙura ce ta cika sandar. In kuwa yana juyawa sakwaf ba abin da ke motsi, akwatin ya mutu, kuma wannan ba aikin sabon hannu ba ne.

Maman Sadik, Njamena

Sannunku da ƙoƙari. Ni nawa bai karye ba, da gangan na canza. Muna bene ne a Kilemat, tagogin sama ba su da ƙarfen tsaro, kuma yaron nan tun yana shekara uku ya gane yadda ake jan kujera a hau. Wata rana na fito daga kicin na same shi ya buɗe ta, ƙirjinsa a kan dakali yana leƙen masu tallan mangwaro. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A daren nan na ce wa maigidan ko a sa mai makulli ko a toshe tagar da bulo.

Ƙanena ne ya kawo mana guda huɗu daga Dubai. Ni da kaina na ɗaura, ba wuya. Ka mayar da hannun a kwance, yadda yake in taga na buɗe, ka ja murfin robar da ke gindinsa kaɗan ka juya shi gefe, bis biyu za su bayyana, ka kwance da turnabis, wato abin kwance sukuru. Sabon ma a kwance za ka sa shi, in ba haka ba za ka ga hannu na nuna rufe alhali taga a buɗe take.

Abin da ba a gaya mini ba, makullan huɗun duk iri ɗaya ne, kowanne na buɗe kowace taga. Da farko na ji haushi, daga baya da biyu suka ɓace na gode Allah. Yanzu ɗaya na rataye a ƙusa can saman labule, inda babba zai miƙa hannu ya ɗauka ko a cikin duhu. Kada a kai shi cikin durowa a kulle, Allah ya kiyaye gobara.

Malamin Lissafi, Ngaundere

A yi hattara da lambar 43 ɗin nan, ba kowace taga ba ce. Nawa na alminiyam ne, su ma gilashi biyu, kuma hannunsu ba shi da kare ko kaɗan. Kiremon ne, irin na kamfanonin Italiya kamar Giesse da Fapim: gindinsa dogo ne, a bayansa akwai wani ɗan cokali mai baki biyu da ke hawa yana sauka, shi ke jan sandar kai tsaye. Na karanta 7 da 43 a intanet, na aika wa ɗan yayata a Yawunde, ya sayo ya ba wani mai hawa jirgin ƙasa ya kawo mini. Da na kwance tsohon sai na ga ba su ko yi kama ba. Ramukan nawa da na sa ruler, 104 ne. Ni da nake koyar da awo a aji, ban auna ba sai da na yi asara. Karo na biyu tsohon na naɗe a jarida na aika ta ajans, wato kamfanin motocin haya, aka je da shi shago aka jera.

Masu tagogin turawa gefe kuma, nasu wani ɗan maƙulli ne da ke nutse a jikin firam, mai ƙugiya. Shi tsawon ramin da aka yanka masa da tsawon ƙugiyar ake dubawa.

Hajiya Mai Gidan Haya, Garwa

Ni ɗakuna shida nake da su a Pumpumre, kuma na canza hannuwa har na gaji da ƙirga. Ɗan haya ba ya lallashin taga. Da farko masu araha nake saye, masu ƙyalli, in ka ɗaga ka ji ba nauyi. In sun karye ka duba cikin, toka-toka ne mai gari-gari kamar ƙanzo, zamak ake ce masa. Na roba kuwa rana ce ke cinye su, su yi rawaya, su fashe. Daga baya na sayi Hoppe na Jamus guda biyu, na alminiyam, in kana juyawa kana jin ƙas-ƙas-ƙas a hankali. Kuɗinsu ya ninka na wancan fiye da sau uku, amma suna nan daram shekara ta uku. Ni shawarata, Alhaji, ka sayi mai kyau sau ɗaya ka huta.

Mai Alminiyam, Kuseri

Hajiya, ki yi haƙuri, a nan zan ɗan saɓa miki. Mai kyau yana da kyau, amma in an ɗaura shi a tagar da saitinta ya gudu, ya fi mai araha ɓarna. Mai araha shi zai karye ya bar akwatin lafiya. Mai ƙarfi ba zai karye ba, sai ya fasa haƙoran akwatin. Hannu kuwa ko'ina akwai, amma akwatin dole sai irinsa: in Roto ne sai Roto, in Siegenia ne sai Siegenia, in na Turkiyya ne sai ka nemo wanda ya shigo da su. Na taɓa jiran ɗaya wata biyu. A gyara taga tukuna, sannan a saya mata hannu mai tsada.

Hajiya Mai Gidan Haya, Garwa

Na ji, ɗana. Amma kai kana da makullin alan a aljihu, ni sai na kira mutum na biya shi kuɗin mashin. Duk da haka zan sa a duba ta ɗaki na uku, ita ma ta fara gogar ƙasa.

Ɗan Domayo, Marwa

Tunda an zo maganar tauri, kada wanda ya yi irin wautata. Man gyaɗa na ɗiga wa sandar, na ce mai mai ne. Sati biyu tana tafiya kamar sabuwa. Da hunturu ya shigo, ƙura ta haɗu da man ta zama ƙullu mai danƙo, sai da na bi ta da tsohon burushin haƙori da kananzir. Yanzu sai na share ƙurar tukuna, sannan ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane wurin da ke motsi, kafin hunturu da bayansa.

Maman Sadik, Njamena

Na manta ɗaya. In taga a buɗe take, kada a juya hannun sama. Sama na kishingiɗar da ita ne ta buɗe ta kai kawai, kuma sai tana rufe ake yi. Ina gwada sabon hannu na danne harshen nan na juya sama, sai kan tagar ya saki, ta rataye a kusurwa ɗaya ta ƙasa. Na yi salati na rungume ta. Maƙwabcinmu ne ya zo ya tura kusurwar sama ta koma gurbinta, ya danne harshen, ya mayar da hannun a kwance.

Baban Hafsa, Garwa

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan sallar asuba na yi gwajin Malam na Kuseri. A buɗe tana juyawa sumul, kuma ga gogewar nan a ƙasan kadar, fari tas, ban taɓa lura ba. Na kira wani yaro mai aikin alminiyam a Yelwa, ya ɗaga ƙyauren da makullin alan, juyi biyu kacal, ya share sandar ya ɗiga mai. Na auna karen tsohon, 37 ne. Na je da shi kasuwa a aljihu, wani shagon daban, na samu mai 40, yaron ya rage shi. Sai da muka zo ɗaurawa muka ga bis ɗin da suka zo a ledar gajeru ne, ba sa kai wa zaren akwatin, muka mayar da tsofaffin. Yau da azahar uwargida ta rufe ta da hannu ɗaya.

Hannun ƙofar nan na sefa 4,000 yana nan a kan firij, fari, kare mai 8. Duk wanda ke Garwa yake buƙata ya yi magana.