Neman shawara: yaya zan tsara zuwa bikin Maggio na Accettura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Italiya. Ina so in je Accettura, can lardin Matera a yankin Basilicata, in ɗauki bidiyon bikin da ake haɗa itatuwa biyu a tsayar da su don girmama waliyyin garin, San Giuliano. Wace rana ta fi dacewa, a ina zan tsaya, kuma me ya haɗa sare itace da addinin Katolika?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, fara da kalanda, domin ranar ba a tsaye take ba, tana bin Fentikos ne, Lahadi ta bakwai bayan Ista. A 2026, misali, Fentikos 24 ga Mayu ne, tsayar da itacen kuma Talata 26. Amma aikin ya riga ya yi nisa kafin nan. Babban itacen, Maggio, cerro ne, wato wani nau'in itacen oak, miƙaƙƙe daga dajin Montepiano. Ana zaɓarsa bayan Ista, a sare shi ranar Alhamis ta tunawa da hawan Yesu sama, a sassabe rassa, a ɓare ɓawon. Ƙaramin, Cima, agrifoglio ne mai ganye mai ƙaya daga dajin Gallipoli Cognato. In Talata kaɗai ka je, ka rasa rabin bikin. Ka isa tun Asabar.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, kuma ranar Lahadi dole ka zaɓi ɗaya, don ayari biyu ne daga dazuzzuka biyu. Maggio bijimai ne ke jansa, nau'in Podolica, kusan karkiya 50, ana sauya su a hanya, tare da wasu gumagumai da za a yi aiki da su wajen ɗagawa. Cima kuwa samari ne ke ɗaukarta a kafaɗa tafiyar kusan kilomita 15, suna tokare ta da gwafa in za su huta. Ana lallaɓa ta sosai, don idan kanta ya karye ko ganyen ya zube, ba za ta yi kyau a saman Maggio ba.

Shawarata ka bi bijimai. Kada ka tsaya ta gefen gangare, ko cikin kwana, domin gungumen mai tsawon kusan mita 30 yana sharar gefe in ya juya, kuma sarƙa na iya tsinkewa. In an yi ruwa, saurin tafiya yana raguwa, laka tana riƙe gungumen, ayarin ya kai dare. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe rigar sanyi, garin kan dutse yake.

Amsa ta uku: Kan batun addini, malam, ka lura da ranar Talata a dandalin Largo San Vito. Masassaƙa suna yanke kan Maggio da gindin Cima yadda za su shiga juna, a ɗaure su da turakun katako. Wannan mahaɗa ita ce wurin haɗari: in ta yi sako-sako, Cima za ta karkace da zarar nauyi ya koma kanta. Sai a sa gindin a bakin rami, a ja da igiyoyi da wani babban abin naɗe igiya na katako da maza ke juyawa da hannu, kaɗan-kaɗan. Tsawonsu a haɗe yana kai kusan mita 40.

Ba a kammala miƙar da shi sai mutum-mutumin San Giuliano ya iso dandalin cikin jerin gwano, mata na gaba ɗauke da cente, wato kyandirori da aka jera hawa-hawa, a kansu, cikon alwashi. Masana da yawa suna kiran bikin auren itatuwa, suna danganta shi da tsofaffin al'adun neman yabanya. Mutanen garin kuwa, in ka tambaye su, don San Giuliano suke yi. Idan za ka yi sharhi a bidiyonka, ka kawo duka biyun, kada ka ce musu bautar itace suke yi, ba haka suke ɗaukarsa ba. Da yamma kuma gwanaye ke hawa gungumen har cikin Cima.

Amsa ta huɗu: Ƙari kaɗan. Garin bai kai mutum 2,000 ba, masauki yana ƙarewa da wuri, ka kama ɗaki tun watanni kafin, ko ka kwana Matera ko Potenza da motar haya. A hanya ana miƙa wa kowa giya da zeppole, wato soyayyen kwaɓin fulawa kamar fanke, da nama. Ka ce na gode ka wuce giyar, naman kuma ka tambaya, don galibi na alade ne. Ka nemi izini kafin ɗaukar mata masu cente kusa-kusa. In ranar ta kuɓuce maka, akwai irinsa a garin Rotonda cikin Yuni, don waliyyi Sant'Antonio, inda suke haɗa itatuwan faggio da abete.