Shugabata ta sa ni gaba a wurin aiki, ina zan kai kuka?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, shekarata 6 ina kula da marayu da yaran da aka ci zarafinsu. Tun da aka kawo mana sabuwar shugaba wata 8 da suka wuce ban ƙara samun sukuni ba.

Fayil 43 ne a hannuna, alhali abokan aikina babu wanda ya haura 20. Duk Litinin a taron ma'aikata sai ta ɗaga rahotona tana karanta kurakuraina a gaban kowa, har da ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki. Makon jiya ina zaune da wata yarinya 'yar shekara 12, da kyar na samu ta fara magana, sai ta bankaɗo ƙofa ta ce, "Ke dai ba ki da amfani." Yarinyar ta yi gum, har yau ba ta sake buɗe mini baki ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na same ta ita kaɗai, ta ce raini ne. Na rubuta wa darakta, takardar ta dawo teburinta, aka ba ni takardar gargaɗi wai na tsallake ta. Wakilin ƙungiyarmu kuwa haƙuri kawai ya ba ni. Barci ya ƙaurace mini, jinina ya hau, ga shi ita ce za ta cike mini fom ɗin ƙarin girma.

Shin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a za ta saurare ni tun kafin ma'aikatarmu ta ce ta gama nata binciken?