Ƙara wa katin hoton kwamfuta gudu: ribar ta kai wahalar?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Na ƙara wa katin hotona, RTX 3060, gudu da manhajar MSI Afterburner, amma ƙarin firam (hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa ɗaya) uku ko huɗu kacal na samu a wasa, fankar kuma sai ƙugi take yi. Ina kuskuren yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Babu kuskure, ƙanena. Katunan zamani suna ɗaga gudunsu da kansu gwargwadon sanyin da suka samu, shi ya sa ragowar da ake tatsowa da hannu ba ta da yawa, kuma da zarar zafin kati ya kusa digiri 83 zai rage gudu.

Baƙo: Ka fara share ƙurar fanka, musamman a wannan bazarar. Idan ɗigo-ɗigo suka bayyana a allo, ka sassauta gudun memorin katin nan take.